Bairos ɗin da ya ƙi fita daga kwamfuta, mu ne muke dawo da shi



Sau uku cikin wata biyu aka kai laftof ɗin wani ɗan uwanmu wurin gyara a nan Legas. Sau uku ana yi mata fomatin, kuma kowane karo kafin mako ya zagayo bairos ya dawo. A fomatin na farko ne aka share hotunan bikin 'yarsa da lissafin bashin shagonsa na kusan shekara biyu, domin mai gyaran bai tambaye shi ko akwai abin da yake so a cire ba, shi ma bai san ana cirewa ba. Da ya kawo mana kuka a karo na uku, har ya fara maganar sayar da kwamfutar ya huta, wai ita ce mai matsala. Muka ce ya kawo ta, ya kuma kawo duk wani abu da ake soka mata a gidan. Sai ga filash guda huɗu: nasa, na matarsa, na ɗansa mai shirin JAMB, da wani tsoho da ba wanda ya tuna mai shi. Uku daga ciki suna ɗauke da bairos ɗin. Wanda ya ajiye takardunsa a kai "don kariya" kafin fomatin na biyu yana cikinsu.

Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan lamarin, domin ba shi kaɗai ba ne. Ra'ayinmu shi ne, yawancin abin da muke kira bairos mai taurin kai ba shi da wani taurin kai na musamman. Ana cire shi, mu kuma mu mayar da shi da hannunmu, ta filash ko ta manhajar da aka fasa. Duk gyaran da ya tsaya a kan kwamfutar kaɗai, bai taɓa waɗannan biyun ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Bari mu fara da wanda kowa ya sani, bairos ɗin shotkot. Ka kai filash shagon buga takardu don a fitar maka da takardar jarrabawa ko rasit, ka dawo gida ka soka, sai ka ga foldojinka duk sun koma alamu masu ɗan kibiya a ƙasa. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna, su ɗauka komai ya tafi, su yi wa filash ɗin fomatin. Alhali fayilolin suna nan daram. Abin da bairos ɗin ya yi shi ne ya ɓoye su, ya ajiye shotkot mai irin sunansu a madadinsu. Idan ka danna shotkot ɗin, yakan buɗe maka foldar taka ta gaskiya don kada ka yi zargin komai, amma kafin nan ya riga ya kunna wani ɗan rubutaccen umarni da ke kwafe kansa cikin kwamfutar, ya kuma sa kansa cikin jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows. Daga nan duk filash ɗin da aka soka, ya kamu. Ka wanke kwamfuta, filash ya sake harba ta. Ka wanke filash, kwamfuta ta sake harba shi. Haka za a yi ta zagaye har mutum ya gaji.

Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Brain, wanda ake ɗauka a matsayin bairos na farko da ya yaɗu a kwamfutocin da suka zama kakannin namu na yau, wasu 'yan uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma ta faifan fulofi ya zaga duniya, daga hannu zuwa hannu. Stuxnet da aka gano a 2010, wanda ya lalata injunan tace yuraniyom na Iran a Natanz, an gina shi ne yadda zai bi filash ya shiga wuraren da ba su haɗe da intanet. Idan filash ya iya kai cuta cikin wuri mai tsaro irin wannan, ina ga laftof ɗin da ke kan tebur a falo, yara suna kallon fim a kai? Ɗaya daga cikin manyan iyalan bairos masu bin filash, Gamarue, wanda wasu ke kira Andromeda, hukumar FBI da Europol da kamfanin Microsoft sun haɗu sun rushe cibiyoyin da ke sarrafa shi a ƙarshen 2017. Sun rufe uwar gijiyar, amma ba wanda ya bi gida gida ya wanke filash ɗin da ke cikin aljihunan mutane.

Hanya ta biyu ita ce wadda ba mu son a taɓa, domin kusan dukkanmu muna ciki. Windows da aka fasa, Office da aka fasa, CorelDraw da Photoshop na kyauta, wasannin yara da aka sauko da su daga shafukan da ba a san masu su ba. Ku tuna abin da ake cewa a yi kafin a sa irin waɗannan: a kashe antibairos tukuna. Wato ka sallami mai gadi da bakinka, ka buɗe ƙofa, ka ba baƙon da ba ka sani ba makullin kowane ɗaki. Ba kowace manhaja da aka fasa ke ɗauke da mugun abu ba, gaskiya ne, amma kai mai amfani ba ka da hanyar bambancewa. Abin da ya fi muni, idan mai gyara yana da wani filash ɗinsa da yake sa wa kowa Windows da manhajoji daga ciki, kuma akwai cuta a cikin tarin, to fomatin ɗin da ka biya kuɗinsa shi ne ya sake dasa maka bairos. Ka fito daga shago da kwamfuta "sabuwa fil" alhali tana ɗauke da abin da ka je cirewa.

Akwai wani bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wanda ya yi ƙarfi tun ƙarshen 2018, kuma babbar hanyarsa ita ce manhajojin da aka fasa. Yana kulle hotuna da takardu, ya ƙara wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunan kowane fayil, ya bar wasiƙa mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa, wanda a shekarun baya ya kasance dala 980, ko dala 490 idan ka tuntuɓe su cikin awa 72. Ku lissafa wannan a naira. Sau da yawa kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana tafe da wata manhaja mai kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza. Kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar buɗe wasu daga cikin fayilolin a 2019, kuma akwai shafin No More Ransom da Europol da 'yan sandan Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, inda ake samun makullai kyauta. Sai dai ga nau'ukan Djvu na baya-bayan nan, idan bairos ɗin ya samu intanet lokacin da yake kullewa, babu makullin da ke hannun kowa sai masu laifin. Cire bairos ɗin ba ya buɗe fayilolin. Wanda wannan ya same shi, shawararmu kada ya biya, kuma kada ya share fayilolin da aka kulle, ya kwafe su ya ajiye, ko wata rana a samu makulli.

To idan abu ya riga ya faru, me ya kamata a yi? A nan ma muna da saɓani da yadda aka saba. Abin da aka saba shi ne a sa antibairos, idan bai yi ba a ƙara wani a kai, a ƙara na uku. Mun taɓa ganin kwamfuta mai guda huɗu, dukkansu wa'adinsu ya ƙare, suna ta faɗa da juna, na'urar tana tafiya kamar hawainiya, bairos kuma yana zaune lafiya. Antibairos biyu masu aiki lokaci guda suna hana juna aiki ne. Guda ɗaya da ake sabuntawa ya fi tarin da aka manta da su, kuma Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows 10 da 11 ya isa gida, muddin ba a kashe shi ba.

Abu na farko, a cire kwamfutar daga intanet, a kuma daina soka mata filash. Na biyu, kuma shi ne wanda aka tsallake wa ɗan uwanmu, a ceto fayiloli kafin a taɓa komai: takardu, hotuna, bidiyo, lissafi. Kada a kwashi manhajoji, kada a kwashi duk wani fayil mai ƙarewa da exe, ko da kuwa kai ka ajiye shi da kanka. Dalili shi ne akwai irin su Sality, wanda aka sani tun 2003, da ke shiga cikin jikin manhajojin kirki su manne. Irinsa yakan kashe antibairos, ya hana buɗe Task Manager, har ya lalata Safe Mode. Ka kwashi manhaja guda da ya shiga, ka kwashi cutar gaba ɗaya. Hanya mafi tsafta ta ceto fayiloli ita ce a tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint, ba tare da an sa shi a kanta ba. A lokacin Windows yana barci, bairos ɗinsa ma yana barci, sai ka kwashi kayanka cikin natsuwa. Duk mai gyaran da ya san aikinsa ya san wannan.

Daga nan sai a gwada wankewa. Dalilin da ya sa binciken yau da kullum yake kasa cire wasu shi ne bairos ɗin yana farke lokacin da ake nemansa, yana riƙe da fayilolinsa, yana mayar da abin da aka goge. Shi ya sa Windows 10 da 11 suke da wani zaɓi a cikin Windows Security mai suna Microsoft Defender Offline. Yana kashe kwamfutar ya sake tayar da ita a wani keɓaɓɓen yanayi, ya yi bincike na kamar minti 15 kafin Windows ɗin ya tashi. Mutane ƙalilan ne suka san da shi, alhali kyauta ne kuma yana nan a zaune. Sai dai a sabunta Defender kafin a yi, wanda ke nufin a haɗa intanet na ɗan lokaci don wannan kaɗai. Bayan ya gama, a duba jerin abubuwan da ke tashi da Windows a Task Manager, a kashe duk wanda ba a gane ba, musamman mai ƙarewa da vbs. A kuma leƙa jerin foldojin da aka ce wa Defender kada ya bincika, domin manhajojin da aka fasa sukan sa kansu a ciki.

Shi kuwa filash mai shotkot, a kan kwamfutar da aka tabbatar da tsaftarta ake gyara shi, kuma kada a danna ko ɗaya daga shotkot ɗin. A bincike shi da antibairos, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ne harafin filash ɗin. Fayilolin da aka ɓoye za su fito. A kwashe su, a goge shotkot da duk baƙon fayil, sannan a yi wa filash ɗin fomatin. A yi wa kowane filash na gidan haka a rana ɗaya, har da katin ajiya na waya da na kyamara. Idan aka bar ɗaya don mai shi ya tafi makaranta da shi, an yi aikin banza.

Wani ɗan tsokaci: ba duk abin da ke ihu a kan allo ne bairos ba. Saƙonnin da ke faɗowa daga gefen dama suna cewa an gano bairos biyar, ka danna nan, yawancinsu sanarwa ce daga wani shafi da ka taɓa danna wa Allow a Chrome. Ana kashe su a saitin sanarwa na burauzar cikin minti biyu. Kada a yi wa kwamfuta fomatin saboda wannan, kuma kada a kira lambar wayar da suka nuna.

Yanzu maganar fomatin. Ba mu adawa da shi. Hasali ma, idan bairos ya dawo bayan binciken Defender Offline, ko ya zama irin mai shiga jikin manhajoji, ko mai satar kalmar sirri, muna ganin sharewa a sake sabon Windows shi ne kawai abin da hankali zai kwanta da shi. Kwamfutar da ake shiga banki da ita, ba a cewa "da alama ta warke". Abin da muke adawa da shi shi ne fomatin na gaggawa, wanda ba a ceto komai ba, aka kuma sa Windows daga inda ba a sani ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Windows na asali ana sauko da shi kyauta daga shafin Microsoft, a sa a filash mai girman 8GB. Ga kuma abin da da yawa ba su sani ba: laftof ɗin tokunbo da suka fito daga kamfani da Windows 10, mafi yawansu lasisinsu yana rubuce a cikin na'urar. Idan aka sa nau'in da ya dace da shi, Home ko Pro, da kansa yake kunnuwa da zarar an haɗa intanet. Mutane nawa ne a cikinmu ke fasa Windows ɗin da suka riga suka mallaka?

Mun san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Office na asali yana da tsada. Data ma ba arha ba ce, sabunta Windows sau ɗaya zai iya cinye abin da mutum ya saya na mako. Ga wuta da ba ta tsayawa a gama saukarwa. Ba mu raina wannan ba. Amma mai rubuta wasiƙa da lissafin shago, LibreOffice zai yi masa, kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel. Wanda sana'arsa ta dogara da CorelDraw, wannan lissafin nasa ne, amma aƙalla kada ya shiga asusun banki ko ya ajiye hoton NIN da BVN a kan wannan na'urar. Batun sabuntawa kuwa, WannaCry ya isa misali. A ranar 12 ga Mayu 2017 ya bazu a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar da ya bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ya kama su ne waɗanda ba su sabunta ba. Windows 7 an daina tallafa masa tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Tsohuwar kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba, Linux Mint zai iya ƙara mata shekaru.

Masu gyara kuma, ba ma son a ɗauka cewa mun ɗora musu laifin duka. A cikinsu akwai 'yan uwanmu, kuma akwai ƙwararru na gaske, a Computer Village ta Ikeja da sauran kasuwanni. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke zuwa mu ce muna sauri, a gama mana cikin awa ɗaya, mu kuma ƙi biyan kuɗin aikin ceto fayiloli wanda ke cin lokaci fiye da fomatin ɗin kansa. Mai gyara da ke da kwamfutoci goma a gabansa zai bi hanyar da ta fi sauri. Abin da muke roƙo a wurinsu kaɗan ne: su tambayi mai kaya abin da ke ciki kafin su share, su kuma ce masa ya kawo filash ɗinsa a wanke tare. Mu kuma mu tambaya daga ina za a sa Windows ɗin, mu biya aikin yadda ya kamata, kada mu bar na'ura mai hotunan iyali da takardun sirri a shago na kwanaki ba tare da mun san wanda ke taɓa ta ba.

Sai abin da kusan kowa ke mantawa da shi. Bayan an gama wanke kwamfuta, abin da bairos ya riga ya sata yana hannun wanda ya sata. Fomatin ba ya dawo da kalmar sirri. Dole a canza ta imel da farko, domin da ita ake sake saita sauran, sannan ta banki, Facebook da duk wani asusu da aka taɓa shiga a kan na'urar. A yi wannan daga waya ko wata kwamfuta mai tsafta, a kunna tabbatarwa ta mataki biyu, a kuma danna zaɓin fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun. Mu da muke hulɗar kasuwanci ta amana, asusun mutum ɗaya da aka sace ya isa a damfari mutum goma da sunansa, a ce ya shiga matsala a tura masa kuɗi. A duba WhatsApp ma, a ga na'urorin da aka haɗa da shi, a cire wadda ba a sani ba. Idan Chrome yana haɗe da asusun Google, a duba ƙananan manhajojin da aka liƙa masa, domin sukan biyo mutum zuwa sabon Windows da zarar ya shiga asusunsa.

Laftof ɗin ɗan uwan namu, yini guda muka yi a kanta. Muka ceto abin da ya rage, muka sa Windows daga shafin Microsoft, lasisin ya kunnu da kansa, abin da ya ba shi mamaki ya kuma ɗan ba shi haushi. Muka wanke filash uku, tsohon na huɗu muka karya shi. Muka buɗe wa yaran asusu na daban wanda ba shi da ikon sa manhaja. Lissafin shagon yanzu yana hawa Google Drive, inda ake ba kowane asusu 15GB kyauta, kuma idan ɗansa zai buga takarda, ta imel ko WhatsApp yake tura wa mai shagon, filash ba ya fita daga gida. Bairos bai dawo ba. Hotunan bikin, ya samu wasu a wayoyin dangi da suka halarta. Lissafin bashin kuwa bai dawo ba, har yanzu yana bin mutane yana tambayarsu nawa yake bin su, wasu suna faɗin gaskiya.